Gaskiya ko Jita-jita: Hawan Jini a Bakin Mutanen Dutsin-Ma da Kurfi

"Ni ai na san jikina. In jinina ya hau, ƙeyata ce ke fara gaya mini." Da wuya ma'aikacin lafiya ya yi mako guda yana yi wa mutane awo a Dutsin-Ma ko Kurfi bai ji wannan magana ba, ko daga bakin dattijon da ya jingine kekensa a ƙofar asibiti, ko daga bakin tsohuwar da jikarta ta rako. Masu faɗar haka ba taurin kai ke damunsu ba. Abin da sauran cututtuka suka koya musu ke nan: zazzaɓin cizon sauro yana zuwa da rawar ɗari, gudawa ba ta ɓuya, ƙyanda kowa na ganinta. Sai suka ɗauka hawan jini ma zai yi sallama kafin ya shigo.

Ba ya yi. A cikin duk maganganun da ke yawo a kan wannan ciwo, wannan ce ta fi cin rayuka. Mafi yawan masu hawan jini ba sa jin komai, shekara da shekaru. Ciwon kai da jiri da nauyin ƙeya suna da dalilai barkatai: zafin rana, yunwa, rashin barci, ƙarancin jini, matsalar ido. Wani zai yi ta fama da su jininsa lafiya lau, wani kuma ya yi shara ya yi huɗa ya yi girbi garau, alhali awonsa ya haura 170. An ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, to a wannan ciwo mai ɗakin ne na ƙarshen sani. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2023 ya ce manya kimanin biliyan 1.3 ke da hawan jini a duniya, kusan rabinsu ba su sani ba, kuma 4 cikin 5 ba sa samun kulawar da ta isa. A Najeriya, bincike iri-iri sun nuna kusan mutum 1 cikin manya 3 yana ɗauke da shi.

Na'urar awo ce kawai ke faɗar gaskiya, ita ma sai an bi ƙa'idarta. Ma'aikaciyar da ta ce, "Baba, zauna ka huta tukuna," ba jan rai take yi ba. Ana so mutum ya zauna minti 5, ya jingina baya, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai saitin zuciya, ba ya magana, ba ya jin fitsari, kuma bai ci goro ko ya sha shayi ko taba ba a rabin sa'ar da ta wuce. Wanda ya sauko daga babur yana haki aka ɗaura masa na'ura nan take, an zalunce shi. Lamba biyu ke fitowa. Ta sama ƙarfin jini ce a lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki. Idan ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, a ranaku biyu mabambanta, to ana kiransa hawan jini. Awo ɗaya a bakin kasuwar Laraba bai isa a yanke wa mutum hukunci ba, amma ya isa ya sa shi komawa a sake dubawa.

Magana ta biyu tana da alaƙa da wanzami. Ana cewa jini ne ya yi yawa a jiki, ko kuma mataccen jini ne ya taru a ƙeya, in aka yi ƙaho aka rage sai a samu sauƙi. Duk wanda ya taɓa ganin ban-ruwa a gonakin rani na madatsar Zobe zai gane inda kuskuren yake. In ka matse bakin tiyo da yatsa, ruwa zai fito da ƙarfi, inji ya ƙara gurnani, alhali ba ka ƙara ko ɗigo a cikin ruwan ba. Haka jijiyoyin mai hawan jini suke: sun ƙuntata, sun yi tauri, zuciya na turawa da ƙarfin da ya wuce kima. Ɗan jinin da ƙaho ya zuƙe jiki zai mayar da shi, jijiyoyin kuma suna nan yadda suke. Ba na raina sana'ar wanzanci, kuma na san matsayin ƙaho a zukatan musulmi. Wanda ya so ya yi, ya tabbatar aska sabuwa ce. Amma kada ya ajiye ƙwayarsa saboda an tsaga masa ƙeya.

Sai maganar tunani, wadda ita ce ta fi wuyar warwarewa, domin rabinta gaskiya ce. "Tunani ne ya sa mata." "Tun da aka ɗauke ɗansa jininsa bai sauka ba." A yankin da ya sha fama da 'yan bindiga, inda magidanta suka kwana a zaune suna sauraron ƙarar babura, inda aka sayar da gona da shanun huɗa don haɗa kuɗin fansa, inda iyalai suka baro ƙauyukansu suka raɓe a gidajen 'yan'uwa a cikin gari, ba mai hankalin da zai ce fargaba ba ta taɓa jiki. Tana taɓawa. Tsoro yana sa zuciya ta yi sauri, jijiyoyi su tsuke, awo ya tashi a wannan lokacin. Damuwar da ta daɗe kuma tana hana barci, tana ƙara wa mai taba taba, mai goro goro, duk suna taimaka wa ciwon.

Inda jita-jitar ta shigo shi ne ƙarshen maganar: wai tunda damuwa ce ta kawo shi, in hankali ya kwanta zai tafi da kansa. Da yawa sun daina shan magani ranar da aka sako wanda aka sace, ko ranar da aka biya bashi, ko bayan an kai 'yar da ake ta tunanin aurenta ɗakinta. Hawan jini yana da saiwoyi da yawa, kuma damuwa ɗaya ce kawai daga ciki. Akwai gado: wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa ke da shi ya fi kusa da kamuwa. Akwai shekaru, domin jijiyoyi suna ƙara tauri da tsufa. Akwai gishiri, akwai teɓa, akwai ciwon suga da ciwon ƙoda. Wanda ya fi kowa fara'a a majalisa ma yana iya ɗauke da shi. Abin da ya fi ba ni tausayi a nan shi ne matan da ake ɗora wa laifi, a ce musu, "Ke ma kin cika sa abu a ranki." Sai mace ta dawo gida da kunya a maimakon magani, tana ganin rashin tawakkalinta ne ya jawo. Ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma mai haƙuri da marar haƙuri duk yana kama su.

Cewa ciwon masu kuɗi ne ko na tsofaffi, wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Manomi siriri a Birci ko Ƙarofi yana kamuwa, haka ɗalibi a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Bambancin kawai, mai hali ya fi samun wanda zai auna shi. Duk wanda ya kai shekara 18 ya kamata ya san lambarsa.

A kan gishiri kuwa, ma'aikatan lafiya sun saba jin, "Wallahi, ɗan nan, tun da aka gaya mini na daina cin gishiri." Ta faɗi iya saninta, amma tukunyarta na cewa wani abu dabam. Abin da ke ɗaga jini a cikin gishiri sinadari ne mai suna sodiyom, wanda ke sa jiki ya riƙe ruwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato ƙasa da cikin ƙaramin cokalin shayi, kuma lissafin ya haɗa da duk abin da ya shiga baki daga karin kumallo zuwa tuwon dare. Dunƙulen da ake marmasawa a miya, kusan rabin nauyinsa gishiri ne. Farin magi ma sodiyom ne. Ga yajin da ake barbaɗa wa tsire da ɗanwake, ga kilishi, ga ƙullin sinadarin da ke cikin taliyar yara, ga burodi. Matar da ta cire gishiri ta ninka dunƙule ba ta rage komai ba. Daddawa da albasa da citta da tafarnuwa da attaruhu suna iya riƙe ɗanɗanon miya, kuma harshe yana sabawa cikin 'yan makonni idan aka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ya fi sauƙi a rage wa tukunyar gida gaba ɗaya a kan a ware wa maigida tasa, domin abincin da aka ware shi ne wanda ake fara gajiya da dafawa.

Kanwa kuma ita ce ɓoyayyiyar. Mutane da yawa suna ganinta magani ce, mai wanke ciki, mai kawo ruwan nono, ba su sa ta a layin gishiri ba ko kaɗan. Alhali jar kanwa da ungurnu duk cike suke da sodiyom. Tana cikin miyar kuka da kuɓewa, tana cikin wake da ɗanwake, tana cikin garin taba da ake shaƙa ko a zuba a baki. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun lura cewa ciwon zuciya bayan haihuwa ya yi yawa ƙwarai a Zariya da kewaye, har kimanin mace 1 cikin masu jego 100, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Binciken da ya biyo baya a Kano, ƙarƙashin Farfesa Kamilu Ƙaraye, ya nuna labarin ya fi haka faɗi, akwai hannun rashin abinci mai gina jiki, da ƙarancin sinadarin seleniyom, da hawan jinin goyon ciki. Saboda haka ba daidai ba ne a ce kanwa ce kaɗai mai laifi. Amma mai jegon da aka ce jininta ya hau, ko ƙafafunta suka kumbura, ko take haki in ta kwanta, ba ta da abin yi da kunun kanwa har kwana arba'in. Wannan bayani kakanni da surukai ya kamata a yi wa, domin su ke riƙe da ludayin.

Zoɓo fa? A nan jita-jitar cewa yana saukar da jini ta yi sa'a, ta faɗa kusa da gaskiya. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Tufts ta Amurka, aka wallafa a 2010, mutum 65 masu ɗan hawan jini kaɗan sun shiga, kuma waɗanda suka sha kofi 3 na ruwan zoɓo kullum har mako 6 lambarsu ta sama ta sauka da kimanin 7. Abu ne mai kyau. Amma wanda awonsa ke 175, in aka cire 7 har yanzu yana cikin haɗari, kuma zoɓon da ake sayarwa a ƙulle a leda ya sha sukari. Tafarnuwa da zogale ma abinci ne masu amfani, a ci. Ba su kai su maye gurbin ƙwaya ba. Abin da nake tsoro shi ne jarkokin da ake tallatawa da lasifika a tasha da kasuwa, waɗanda ake cewa suna warkar da hawan jini da suga da basir da sanyi a tashi ɗaya. Ba wanda ya san abin da ke ciki, kuma ƙoda ce ke biyan kuɗin. Haka magungunan ciwon jiki irin su dikilofenak da ibufurofen da manoma da 'yan acaɓa ke saye a kemis kusan kullum, da ƙwayoyin ƙiba masu ɗauke da deksametazon da wasu 'yan mata ke sha: duk suna ɗaga jini.

"Kada ka fara, in ka fara ba ka dainawa." Wannan shawara ta hana dubban mutane karɓar magani. Gaskiya ne akasarin masu hawan jini za su sha magani har ƙarshen rayuwa. Amma ba maganin ne ya kama su ba kamar yadda ƙwayar maye ke kama mai shanta. Ciwon ne ba ya warkewa, sai dai a danne shi. Idan awo ya yi kyau bayan wata biyu, aikin ƙwayar ake gani, kuma in aka ajiye ta jinin zai koma inda ya fito, sau da yawa ba tare da mai shi ya ji komai ba. Ribar kuwa an auna ta: nazarin da ya tattara gwaje-gwaje masu yawa, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016, ya nuna duk saukar 10 a lambar sama tana rage haɗarin shanyewar ɓarin jiki da kimanin kashi 27 cikin 100.

Masu cewa maganin na lalata ƙoda sun juya labarin. Hawan jinin da aka ƙyale shi ne ke cinye ƙoda a hankali, har a wayi gari ana jigilar mutum zuwa Katsina wankin ƙoda. Maza kuma suna da tasu damuwar da ba sa faɗa a gaban jama'a, cewa ƙwayar tana rage ƙarfin namiji. Wasu nau'o'in suna iya yi wa wasu haka, bai kamata a musa ba. Sai dai ciwon da kansa yana lalata jijiyoyin da wannan ƙarfi ya dogara a kansu. Magungunan iri-iri ne. Amlodifin yana kumbura wa wasu idon sawu, lisinofiril yana sa wasu busasshen tari, masu sa fitsari suna sa yawan zagayawa. Wanda ya ga abin da bai gane ba ya koma ya faɗa a canza masa, ya ja ma'aikacin gefe in yana jin nauyi. Da azumi ma ba a ajiyewa. Yawancinsu sau ɗaya ake sha a yini, ana iya mayar da su lokacin buɗa-baki ko sahur bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Ranar da ɓarin jikin mutum ya shanye, wata jita-jitar ke karɓar ragama. Mutum ya faɗi a banɗaki ko a gona, baki ya karkace, hannu da ƙafa sun saki, harshe ya yi nauyi. Sai a ce iska ce ta buge shi, ko ya taka sammu, ko jifa aka yi masa. A kulle ɗaki, a yi hayaƙi, a ɗura masa ruwa, kwana uku su wuce. Babban bincike a kan wannan ciwo a Najeriya da Gana, mai suna SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Ibadan ya jagoranta kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya suka shiga, ya nuna a 2018 cewa kusan kashi 90 cikin 100 na shanyewar ɓarin jiki a wannan yanki yana da nasaba da hawan jini. Jijiya ce a ƙwaƙwalwa ta toshe ko ta fashe. A yi addu'a, amma a yi ta a cikin mota a kan hanyar babban asibiti, kuma kada a ba shi ruwa ko abinci domin yana iya shaƙewa. Haka jijjigar mai ciki: hawan jini ne na goyon ciki, kuma yana da alamun gargaɗi, ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu. Akwai allurar da ke tsayar da jijjigar. Awon ciki ba don sauraron jariri kaɗai ake yinsa ba, saboda wannan na'urar da ake ɗaura wa uwa a dantse ne ma.

Na bar wata magana zuwa yanzu domin ita ce ke toshe kunne daga duk sauran: "Wannan ai ba likita ba ne, malamin asibiti ne kawai." Gaskiya ne ba likita ba ne. Amma ma'aikacin lafiya na al'umma ya yi shekara 3 yana karatu, ƙaraminsa shekara 2, a makarantu irin ta koyon aikin lafiya da ke Kankiya, yana da rajista, yana da littafin ƙa'idojin aiki da ya fayyace masa abin da zai yi da inda zai tsaya ya tura gaba. Tun 2014 Najeriya ta amince da manufar miƙa wasu ayyukan likitoci ga irin waɗannan ma'aikata, a 2018 kuma aka ƙaddamar da shirin CHIPS na masu bi gida-gida suna wayar da kai. An kuma gwada abin a aikace. A ƙauyukan Bangaladash da Fakistan da Siri Lanka, ma'aikatan da ke ziyartar gidaje duk wata 3 suna awo da nasiha sun sa jinin mutane ya ƙara sauka da kimanin 5 a cikin shekara 2, kamar yadda aka wallafa a 2020. A ƙasar Sin, a ƙauyuka 326, ma'aikatan ƙauye da aka horar aka ba su tsarin magani sun rage bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da kusan kashi ɗaya cikin uku a shekara 3. A nan Najeriya, a ƙarshen 2020 aka fara shirin daƙile hawan jini a ƙananan asibitoci sama da 100 a jihohin Kano da Ogun, bisa tsari mai sauƙi: a fara da amlodifin, in bai isa ba a haɗa da losatan, a ƙara mataki-mataki, in ya gagara a tura wa likita. Mai ciki kuwa ba a ba ta losatan, nata tsarin dabam ne.

Ga kuma abin da likitan birni ba shi da shi. Ma'aikaciyar da ta tashi a Kurfi ta san wace ce ke girki a gidan, ta san kishiya da suruka, tana iya shiga inda namiji ba ya shiga, tana iya cewa, "Inna, nuna mini kwalin in ƙirga saura nawa," a nuna mata ba tare da an ji haushi ba.

Sai dai bayani kaɗai ba ya saukar da jini. A duk wuraren da abin ya yi nasara, an haɗa wa ma'aikacin abu uku: na'ura mai kyau da batir, rajistar da za a bi sawun wanda bai dawo ba, da magani mai araha da ba ya yankewa. Mutumin da ya biya kuɗin babur daga Wurma ko Makera, aka auna shi, aka tsorata shi da lamba, sannan aka ce babu magani ya je kemis, da wuya ya dawo, kuma gobe mai lasifika zai same shi. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko, Jihar Katsina kuma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya, KATCHMA. Kwamitocin lafiya na mazaɓu da masu unguwanni da limamai a ƙananan hukumomin nan biyu suna da hurumin shiga asibitin mazaɓarsu su tambaya: na'urar awo nawa ke aiki, mutum nawa ke cikin rajistar hawan jini, kuma yaushe rabon da a kawo amlodifin.